DAGA TAKARDA ZUWA DOKA: AIKIN KWAMITOCIN MAJALISA

Ran 11 ga watan Afirilu na shekarar 1946 anka sa hannu a birnin Faris ga wata doka gajeruwa mai aya 3 kacal. Ayar farko ta hana aikin tilas ɗungum cikin dukan ƙasashen da Faransa take mulki a ƙetare. Ta biyu ta tanadi hukunci ga duk wanda ya tilasta ma wani aikin da bai yarda da shi ba. Ta uku kuwa ta soke dukan dokokin da anka yi can baya na kamun ma'aikata. Kafin wannan rana, a Nijar da maƙwabtanta, ana iya ɗauke magidanci daga gonarsa tsakiyar damina a tura shi gyaran hanya ko dakon kaya, ba da sonsa ba.

Wagga doka ba daga wani minista ta fito ba. Wani depite ne na ƙasar Kodibuwa, Feliks Ufuwe Bwanyi, ya ajiye takardarta gaban majalisa a watan Maris na wannan shekara, tare da sa hannun waɗansu ƴan majalisa na Afirka. Cikinsu akwai Lamin Gey da Sengor na Senegal, da Fili Dabo Sisoko, wanda shi ne wakilin Sudan ta Faransa (Mali ta yau) da Nijar a haɗe. Anka miƙa takardar ga kwamitin ƙasashen ƙetare, kwamitin ya ɗora ma Ufuwe Bwanyi kansa rubuta rahoto, kuma ran 5 ga Afirilu majalisa ta amince. Daga ajiye takarda zuwa sa hannu, mako shida ne.

Hanyar da wagga takarda ta bi, wato ajiyewa, da miƙa wa kwamiti, da rahoto, da ƙuri'a, ita ce har yau hanyar kowace doka a Faransa. Tsare-tsaren mulkin Nijar kuma daga can sunka ɗauko ta. Saboda haka ya kyautu mai karatu shi san matakanta.

Ƙofofi biyu

Tsarin mulkin Faransa na ran 4 ga Oktoba 1958, cikin aya ta 39, ya buɗe ƙofofi biyu. Ta farko ta faraminista ce. Abin da ya fito daga gwamnati ana ce masa shirin doka. Ta biyu ta ƴan majalisa ce, depitoci 577 da dattawa 348. Abin da ɗayansu ko gungunsu ya kawo ana ce masa shawarar doka.

Shirin doka shina da doguwar tafiya tun bai kai majalisa ba. Ma'aikatar da abin ya shafa ita ke rubuta shi. Sannan a kai shi ga Konsai Deta, wato majalisar masana shari'a masu ba gwamnati shawara, su duba ko ya saɓa ma tsarin mulki ko ma wata yarjejeniya, su gyara lafazi. Bayan haka majalisar ministoci ta zauna a kansa. In ta yarda, faraminista shi sa hannu ga takardar gabatarwa, shi faɗi sunan ministan da zai kare shirin gaban majalisa. Tun daga shekarar 2009 wajibi ne mafi yawan shirye-shiryen doka su zo da takardar bincike mai bayyana abin da dokar za ta ci na kuɗi da abin da za ta sauya cikin zaman jama'a.

Gwamnati tana iya fara ajiye shirinta a majalisar depitoci ko a ta dattawa, yadda ta ga dama, sai a wurare ƙalilan. Kasafin kuɗin ƙasa da na asusun kula da lafiya da fansho dole su fara ta hannun depitoci, don su ne jama'a ta zaɓa kai tsaye. Dokokin tsara jihohi da gundumomi kuwa su fara ta hannun dattawa.

Shi depite ba ya bukatar duk wannan. Ya isa shi rubuta bayanin dalilansa a sama, ayoyin a ƙasa, shi sa hannu, shi ajiye a biron majalisarsa. Sai a ba takardar lamba, a buga ta, a raba wa ƴan majalisa. Amma sauƙin shiga ba shi ne sauƙin fita ba.

Mai gadin baitulmali

Shingen farko shi ne aya ta 40. Ta ce ba a karɓar shawara ko gyara daga ɗan majalisa in amincewa da ita za ta rage kuɗin shiga na hukuma, ko ta ƙirƙiro wani kashe kuɗi, ko ta ƙara shi. Hikimar abin ita ce kada kowane depite, don neman farin jini a mazaɓarsa, shi yi alkawarin abin da baitulmali ba ta iya ɗauka. In ragin haraji ne depite ke so, ana yarda masa shi nuna inda za a maida gurbin kuɗin, kuma al'adar da anka saba ita ce a ce za a ƙara harajin taba. Amma in sabon kashe kuɗi ne, babu gurbin da ke wanke shi.

Akwai shinge na biyu, aya ta 41. Tsarin mulki ya raba abin da ke na doka da abin da gwamnati ke yankewa da kanta ta hanyar dikire. In shawara ta shiga gonar gwamnati, ana iya tsaida ta.

Wane kwamiti?

Da zarar an karɓi takarda, shugaban majalisa shi tura ta ga kwamiti guda, wanda a bakin ma'aikata aka fi sani da komisiyo. Babu dokar da ke shiga zauren majalisa ba ta bi ta nan ba. Dalili a fili yake: mutum 577 ba su iya zama su tsefe aya ɗari kalma bayan kalma, amma mutum saba'in da sunka saba da fannin suna iyawa.

Yawan kwamitocin nan shina da tarihi. Zamanin Jamhuriya ta Huɗu, daga 1946 zuwa 1958, majalisar depitoci tana da kwamiti har 19, kusan kowane minista da nasa kwamiti mai tsare shi. Kwamitocin sunka yi ƙarfi ƙwarai, suna sake rubuta shirin gwamnati yadda sunka so, ko su danne shi. Gwamnatoci kuwa sunka riƙa faɗuwa, fiye da ashirin cikin shekara 12. Da Janar Dagol ya dawo mulki a 1958, shi da Mishel Debre wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulki sunka ƙayyade cewa kowace majalisa ba ta wuce kwamiti 6 na dindindin ba, kuma a zaure shirin gwamnati za a tattauna kamar yadda ta kawo shi, gyaran kwamiti shi tsaya a matsayin shawara.

Shekara hamsin anka yi a haka. Gyaran tsarin mulki na watan Yuli 2008 ya ɗaga adadin zuwa 8. Na majalisar depitoci su ne: ilimi da al'adu, tattalin arziki, harkokin waje, jin daɗin jama'a da lafiya da ƙwadago, tsaro da sojoji, muhalli da tsara ƙasa, kuɗi, sai na dokoki da mulkin ƙasa. Depite ba ya zama cikin fiye da ɗaya, kuma ana raba kujeru bisa ga ƙarfin kowane gungun siyasa, don kwamiti shi zama kamar ƙaramar majalisa. Shugabancin kwamitin kuɗi kuwa, tun 2007, ɗan adawa ake ba wa.

Wani lokaci doka guda ta shafi fanni biyu ko uku. Sai a ba kwamiti ɗaya ainihin aikin, sauran su ba da ra'ayi kawai. In gwamnati ko majalisa ta nema, ana iya kafa kwamiti na musamman don wannan doka kaɗai, shi watse in aikin ya ƙare.

Abin da ake yi cikin ɗaki

Aikin farko na kwamiti shi ne zaɓen mai rahoto daga cikinsa. Wanga mutum shi ne uban tafiyar doka. Shi ke kiran waɗanda abin ya shafa, ƙungiyoyin ma'aikata, masu sana'a, likitoci, alƙalai, manoma, shi saurare su. Kwamiti shi gayyaci minista shi amsa tambayoyi. Sannan a bi ayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗan majalisa shi kawo gyaransa, a jefa ƙuri'a a kan kowace gyara. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan ne doka take ɗanya.

Gyaran 2008 ya ƙara ma wannan ɗaki nauyi ta hanya biyu. Na ɗaya, a zaure rubutun da kwamiti ya fitar ne ake tattaunawa, ba na asalin gwamnati ba, ban da kasafin kuɗi, da na asusun lafiya da fansho, da gyaran tsarin mulki. Ma'ana, in kwamiti ya sauya wata aya, gwamnati ce za ta nemi rinjaye don maido da nata lafazi. Na biyu, an sa wa'adi: mako 6 tsakanin ajiye takarda da shigarta zaure a majalisa ta farko, mako 4 a ta biyu, sai in gwamnati ta nemi hanyar gaggawa.

Misali na shekarar 2023 ya nuna ƙarfin waɗanga matakai. A watan Afirilu anka ɗaga shekarun barin aiki daga 62 zuwa 64, bayan watanni ana zanga-zanga. Wani ƙaramin gungun depitoci ya ajiye shawarar doka don soke ƙarin. Ran 31 ga Mayu kwamitin jin daɗin jama'a, da ƙuri'a 38 a kan 34, ya cire ayar farko, wadda ita ce zuciyar shawarar. Masu ita sunka so su maido da ayar a zaure ta hanyar gyara, sai shugabar majalisa ta ce gyaran zai ƙara kashe kuɗi, aya ta 40 ta hana shi. Ran 8 ga Yuni sunka janye takardarsu. Batun da ya shafi miliyoyin ma'aikata ya tsaya ke nan a wannan karo, ba a kai ga ƙuri'ar zaure ba.

Mafi yawan shawarwarin depitoci ma ba su kai wannan matsayi. Suna kwance gaban kwamiti ba a naɗa musu mai rahoto ba, don ba su samu gurbi cikin ajandar zaure ba. Gwamnati ke da mako 2 cikin kowane 4, ƴan adawa da ƙananan gunguna kuwa rana guda a wata. In wa'adin majalisar depitoci ya ƙare, shawarwarin da ke jira gabanta sun faɗi, sai a sake ajiye su daga farko.

Wadda ta tsallake zaure kuwa sai ta tafi majalisa ta biyu, ta sake shiga kwamiti can. In majalisun biyu sunka saɓa, depite 7 da dattijo 7 su zauna neman daidaito. In abin ya faskara, gwamnati tana iya ba depitoci magana ta ƙarshe. Shugaban ƙasa shina da kwana 15 na sa hannu, sannan a buga dokar cikin jaridar hukuma.

A Nijar

Majalisar dokokin Nijar, wadda Bubu Hama ya shugabanta daga 1958 zuwa 1974, ɗaki guda ce, babu ta dattawa. Tsarin mulki na ran 25 ga Nuwamba 2010 ya riƙe ƙofofin nan biyu, ta gwamnati da ta depitoci. Ya riƙe shingen kuɗi kuma, amma da sassauci: depite na iya kawo shawara mai cin kuɗi in ya haɗa ta da hanyar samun kuɗin ko ta rage wani kashewa daidai da shi. Majalisar, mai kujera 113 a zaɓen 2011 da 171 daga 2016, ta yi aiki da kwamiti 7 na dindindin, cikinsu har da na raya karkara da muhalli, abin da ya dace da ƙasar manoma da makiyaya. Ta hanyar majalisa ne anka samu dokar shekarar 2000 mai ware wa mata kaso cikin muƙamai, da gyaran kundin hukunci na 2003 wanda ya sa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga laifin bautar da mutum.

Sau da dama aikin majalisa ya tsaya a ƙasar, mafi tsawo daga 1974 zuwa 1989. A watan Yuli 2023 anka dakatar da tsarin mulkin 2010, anka koma yin doka ta hanyar odonas, wadda shugaban ƙasa ke sa wa hannu.

Ko wace hanya aka bi, abin da ya kamata ma'aikaci da talaka su riƙe guda ne. Ranar ƙuri'a ce ke shiga rediyo, amma kafin ta zo an riga an yanke mafi yawan abin da dokar za ta ƙunsa. Ƙungiyar manoma, ko ta mata, ko ta malaman lakwal da ke da magana a kan wata doka, lokacin faɗinta shi ne sa'ad da masu tsara ayoyi ke sauraren jama'a. Abin tambaya kuwa uku ne: wa ya kawo takardar, wane kwamiti ke riƙe da ita, kuma wa aka ɗora wa rubuta rahoto.