Bin Bashin Mamaci

A wajen jana'iza, ko a zaman makoki, sau da yawa wani dattijo yakan miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya ga wansa ko babban ɗansa. Sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai. Mai shagon da ya ba shi buhun shinkafa uku yana nan zaune kan tabarma, amma kunya ta ɗaure masa baki. A yi sadakar uku, a yi ta arba'in, a raba gado, sannan ya zo yana kame-kame.

Wannan kunyar ba ta amfanar kowa, mamacin ma cutarsa take yi. Annabi (SAW) ya taɓa dakatawa daga sallatar wata gawa saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita, littafin Muhtasar Halil ya jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci. Farko haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya na musamman, kamar gonar da aka jinginar. Sai likkafani da hidimar binnewa daidai gwargwado, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Magada su ne na ƙarshe. Ragowar sadakin da miji bai biya ba shi ma bashi ne, matar za ta karɓa kafin a zo kan tumuninta, abin da dangin miji kan so su manta.

Idan magada baligai sun amince da bashin, magana ta zo da sauƙi. Idan sun musa, ko akwai marayu ƙanana, sai gaban alƙali. Mai bin bashi zai kawo shaidu biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwarsa. Duk da haka bai gama ba. Wanda ake ƙara yana cikin kabari, ba shi da bakin cewa ya riga ya biya ranar kasuwa kaza. Saboda haka alƙali zai sa mai ƙara ya yi wata rantsuwa, wadda malamai ke kira yaminul ƙada'i: bai karɓi kuɗin ba, bai yafe ba, bai kuma mayar da bashin kan wani ba. Ibn Asim na Garnaɗa ya kawo ta a littafinsa Tuhfatul Hukkam. A ganina babu inda shari'a ta tsaya wa wanda ba ya nan kamar a wannan rantsuwa.

Wani lokaci bashi yakan fi dukiya yawa. A ce mamaci ya bar naira 600,000, wani na binsa 800,000, wani 400,000. Ba wanda ya riga zuwa ne zai kwashe ba. Kowa zai sami rabin abin da yake bi, wancan 400,000, wannan 200,000, magada su tashi hannu rabbana. Ba a tilasta wa ɗa ya cike giɓin daga aljihunsa, ko da yake 'ya'ya da yawa sukan yi hakan don sauke wa mahaifinsu nauyi.

Wanda ya makara har aka raba gado, haƙƙinsa bai faɗi ba. Zai bi magada ya karɓa daga abin da ya shiga hannunsu, ko da gidan ya riga ya zama kuɗi, shanun kuma sun watse a kasuwa.