Yadda Za Mu Adana Kayanmu Na Itace

A kowane gida a Zakirai akwai kayan itace: turmi da taɓarya, akushi, kujera, gado, akwati da ƙyaure. A zamanin dā in turmi ya fashe, sai a shiga daji a saro wani itace a kai wa masassaƙi. Yau kuwa a ƙasarmu ta Gabasawa gona ta haɗu da gona, kowane itace da mai shi. Manyan itatuwa irin su ƙirya da maɗaci sun yi wuya, katako kuma ya yi tsada. Saboda haka wajibi ne mu san yadda za mu riƙe abin da ke hannunmu.

Abokan gaban itace uku ne: gara, da danshi, da rana.

Gara daga ƙasa take fitowa. Ba ta jimre busasshiyar iska, shi ya sa take gina wa kanta hanya da ƙasa a jikin bango ko a ƙafar gado, ta bi ta ciki. Takan cinye cikin itace ta bar bayansa lafiya lau, sai ran da aka zauna kujera ta karye.

Danshi kuwa da damina yake ɓarna, balle a watan Agusta. Itace yakan sha ruwa ya kumbura, ya yi fumfuna, gindinsa ya ruɓe.

Rana da iskar hunturu su ne ke tsaga itace. Dalili kuwa shi ne, bayan itacen yana riga cikinsa bushewa, sai ya tsuke ya dare.

To, ga abin da za mu yi:

1. Kada mu ajiye kayan itace a kan ƙasa. Mu ɗora ƙafafun gado da akwati a kan duwatsu, iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi.

2. Mu janye su daga jikin bango kamar taƙi guda, domin ido ya ga bayansu.

3. Kowace Juma'a mu share ƙarƙashinsu. In mun ga hanyar gara, mu karkare ta nan da nan, mu barbaɗa toka a wurin. In ta dawo, mu karkare kuma, mu nemi inda take fitowa.

4. In an gama daka, a mayar da turmi inuwa, a kwantar da shi inda ruwa ba zai taru a ciki ba.

5. Akushi da muciya a wanke su, a shanya a inuwa. Da hunturu a shafa musu ɗan man gyaɗa.

6. Kada mu zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a kan abin da ke taɓa abinci, gama guba ne.

7. Mu nisanta su da murhu, musamman lokacin sanyi da ake kwana da wuta a ɗaki.

Duk wannan ba ya cin ko kwabo, kula kawai yake so. Turmin ƙirya in ya sami kula, uwa ta yi daka da shi, 'yarta ma ta gada. Jama'a, rigakafi ya fi magani. In an tashi daga aji yau, kowa ya je ya leƙa ƙarƙashin gadonsa.