Kula da Batirin Motar Lantarki a Lokacin Bazara

Motoci masu tafiya da wutar lantarki maimakon man fetur sun fara yawaita a ƙasar nan, har ma a shekarar 2021 an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. To, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin rana yakan wuce digiri 40 daga watan Maris zuwa Mayu, alhali kuwa batirin waɗannan motoci ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 20 da 30. Saboda haka ya wajaba masu irin wannan mota su san abin da zafi ke yi wa batir sa'ad da ake cajinsa.

Da farko ya kamata a raba abubuwa biyu da jama'a kan haɗa wuri ɗaya. Cajin da ya wuce ƙima, watau a ci gaba da ɗura wa batir wuta bayan ya cika, ba kasafai yake faruwa a lafiyayyar mota ba, domin akwai wata na'ura a jikin batirin mai lura da ƙarfin wuta da zafin ƙwayoyinsa, wadda takan yanke wutar da kanta. Abin da ya fi cin batir a ƙasashe masu zafi shi ne a cika shi maƙil, sa'an nan a bar motar tsaye cikin rana. Batirin litiyam da ya cika ɗari bisa ɗari yana cikin takura, zafi kuma yana hanzarta lalacewar sinadaran da ke cikinsa, ta yadda nisan da mota ke yi da caji ɗaya zai yi ta raguwa, kuma ba ya komowa. An ga haka a shekarar 2012 a Jihar Arizona ta Amurka, inda masu motar Nissan Leaf, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyayawa, suka yi ta kuka da saurin mutuwar ƙarfinsa.

Maganin wannan ba shi da wuya. Yawancin motoci suna da wurin da ake tsai da iyakar caji; a ajiye shi a kashi 80 cikin ɗari don zirga-zirgar yau da kullum, kada a cika sai ranar doguwar tafiya, a kuma tashi da zarar ya cika. Akwai wani nau'in batir mai sinadarin ƙarfe da fosfet wanda masu ƙera shi kan so a cika shi jifa-jifa, don haka lalle ne a duba littafin motar. A yi caji da dare ko da asuba, a inuwa, inda iska ke shiga. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya da tsakar rana, gara ya bar motar ta huce kafin ya kai ta tashar caji mai sauri, gama saurin cajin shi kansa zafi yake haifarwa. In kuwa aka ji fanka na kuka ko aka ga cajin ya rage gudu, kada a damu: motar ce ke kare kanta.

Alamomin da ke nuna an sami matsala ta gaske dabam suke. In cajin ya zarce iyakar da aka tsayar, ko fitilar gargaɗin batir ta kama, ko filogi da soket suka yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a kashe wutar daga bango, a cire waya. Sau da yawa laifin yana ga soket maras inganci, ko doguwar wayar jona, ko ƙaramin janareta mai wuta hawa da sauka. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma yakan fito ne daga ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, in na'urar da ke cajinsa ta ba shi wutar da ta kai bolt 15 ko fiye. Keke Napep da babura masu lantarki sun fi shiga haɗari, domin a nan ne aka fi musanya caja ta asali da ta arha wadda ba ta san batir ya cika ba.

Wani lokaci aibin daga masana'anta yake. A shekarar 2021 kamfanin Hyundai ya kira motoci kusan 82,000 a duniya, yawancinsu Kona, don sake musu batir, ya kuma umurci masu su kada su wuce kashi 90 kafin a sake. Mai sayen tsohuwar mota ya bincika ko an yi mata irin wannan gyara.

Kada kowa ya buɗe babban batir ko ya taɓa wayoyin nan masu launin lemo, ko da bakanike ne, muddin bai sami horo a kai ba. Wutar da ke cikinsu takan kai bolt 400. In an ga hayaƙi ko an ji ƙara kamar tsaki daga ƙarƙashin mota, a janye jama'a nesa, a kira 'yan kwana-kwana, a faɗa musu cewa motar lantarki ce, domin gobararta na bukatar ruwa mai yawa kuma tana iya sake tashi bayan an kashe ta.