Za a daina cike haƙori da zaiba nan da 2034: Abin da bincike ya nuna game da madadinsa

A watan Nuwamba na 2025, ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata, ciki har da Najeriya, sun amince a birnin Geneva na ƙasar Suwizalan cewa za a daina sarrafa amalgam da cinikinsa tsakanin ƙasashe nan da shekarar 2034.

Amalgam shi ne cikon nan mai launin azurfa da likitocin haƙori suka shafe fiye da shekara 150 suna toshe kogon haƙori da shi. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, ragowar kuma azurfa ce da kuza da jan ƙarfe.

Wannan mataki ya shafi talaka kai tsaye, domin amalgam ya daɗe yana cikin ciko mafi arha kuma mafi ƙarko. A unguwa irin Karmo, wadda ke kan hanyar Life Camp zuwa Gwagwa da Dei-Dei a Babban Birnin Tarayya, inda 'yan kasuwa da leburori da ƙananan ma'aikata suka yi yawa, mutane da dama ba sa zuwa wurin likita sai ciwon haƙori ya hana su barci. A lokacin kuwa, sau da yawa abin da ya rage shi ne a cire haƙorin. Tambayar ita ce, idan aka daina amalgam, da me za a ceci haƙorin mai ƙaramin ƙarfi?

Yadda haƙori ke ruɓewa

Har yanzu akwai masu danganta ciwon haƙori da wata tsutsa da ke cin sa daga ciki. Bincike ya tabbatar da cewa babu tsutsa a lamarin. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke maƙale a jikin haƙori suke cin sukarin da ya saura a baki bayan shan shayi ko lemon kwalba ko cin alawa da biskit, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali.

A matakin farko, abin da ake gani shi ne farin tabo kawai, kuma sinadarin fuloraid na man goge baki yana iya gyara shi. Da zarar rami ya buɗe, haƙori ba ya tofowa kamar fata. Idan ramin ya kai kusa da jijiyar da ke tsakiya, daga nan ne zogi ke farawa. Kanumfarin da ake cusawa a kogon yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ruɓewar na ci gaba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, daga ciki kimanin biliyan 2 na da ruɓaɓɓen haƙori na dindindin, yara miliyan 514 kuma na da ruɓewa a haƙoransu na farko, waɗanda ake zubarwa lokacin famfara.

Dalilin daina amalgam

Yarjejeniyar ta samo sunanta ne daga garin Minamata na ƙasar Japan, inda a 1956 aka gano wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sakamakon zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku, kifaye su ɗauka, mutane su ci. An sanya mata hannu a 2013, ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

Tun a 2014 ƙungiyoyin farar hula na Afirka suka fitar da wata sanarwa mai ɗauke da sunan Abuja, suna kiran a raba aikin haƙori da zaiba a nahiyar. A taron Bali na 2022 an amince a kauce wa amalgam ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da mata masu juna biyu da masu shayarwa, sai in likita ya ga ya zama dole. Tarayyar Turai ta haramta shi daga 1 ga Janairun 2025, ban da wasu keɓantattun yanayi.

Babban abin damuwa shi ne muhalli. Ɓurɓushin amalgam da ke bin magudanar ruwan asibiti, ko ake ƙonawa tare da shara, yana ƙarewa ne a cikin ƙasa da koguna.

Game da lafiyar wanda aka yi wa cikon kuwa, akwai manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga sakamakonsu a 2006. Na farko an yi shi ne a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal a kan yara 507 da aka bi diddigi har shekara bakwai, na biyu kuma a arewa maso gabashin Amurka a kan yara 534 na tsawon shekara biyar. A kowanne an raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu amalgam, wasu farin ciko. Masu binciken ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba a kaifin ƙwaƙwalwar rukunin biyu, duk da cewa an sami zaiba ɗan fiye a fitsarin masu amalgam.

Saboda haka ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a shawarar da ta bayar a 2020, ta ce kada a cire tsohon ciko da ke zaune lafiya. Cire shi yana cinye wani ɓangare na lafiyayyen haƙori, kuma yana sakin tururin zaiba a lokacin aikin.

Farin ciko da iyakarsa

Madadin da aka fi sani shi ne farin ciko na kwamfozit, wanda ke kama da launin haƙori. Yana da kyan gani, kuma ba ya buƙatar a sassaƙe haƙori da yawa. Sai dai gwajin Lisbon ya nuna cewa bayan shekara bakwai, kimanin kashi 94 cikin 100 na cikon amalgam na nan daram, yayin da na kwamfozit ya tsaya a kusan kashi 86. Babban dalilin lalacewarsa shi ne sabuwar ruɓewa a gefen cikon.

An inganta kwamfozit tun daga wancan lokaci, amma sharuɗɗan aikinsa ba su canja ba. Dole haƙorin ya bushe sarai daga yawu, kuma ana buƙatar injin sassaƙa da na zuƙe ruwa da fitila ta musamman mai busar da cikon. Wannan na nufin ƙarin lokaci da ƙarin kuɗi da dogaro ga lantarki ko janareta.

Hanyar da aka haifa a Afirka

A tsakiyar shekarun 1980, wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya fara gwada wata hanya a Tanzaniya, a wuraren da babu lantarki ko kujerar aikin haƙori. Ana kankare ruɓaɓɓen ɓangaren da ƙananan kayan hannu, sannan a cike ramin. An san hanyar da sunan ART. Daga baya an gwada ta a Tailan da Zimbabuwe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita ga duniya a 1994.

Cikon da ake amfani da shi a wannan hanya shi ne simintin gilas ayonoma, wanda Alan Wilson da Brian Kent suka ƙirƙiro a Ingila wajen farkon shekarun 1970. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa. Yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid a hankali. Sau da yawa ba a buƙatar allurar kashe zafi, abin da ke rage tsoron yara.

Nazarce-nazarcen da suka tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa a ƙaramin rami mai fuska ɗaya a haƙorin dindindin, kusan huɗu cikin biyar na irin wannan ciko na kaiwa shekara biyar. A babban rami da ya ci gefe biyu ko uku kuwa, ƙarkonsa na raguwa sosai. Wani nazari na cibiyar Cochrane a 2017 ya yi gargaɗin cewa a haƙoran farko na yara, yana iya lalacewa fiye da cikon da aka yi da inji.

Ruwan azurfa mai tsayar da ruɓewa

Hanya ta uku ba ta buƙatar ciko. Ana ɗiga wani ruwa mai haɗin azurfa da fuloraid, wanda ake kira SDF, a kan ramin. Azurfar na kashe ƙwayoyin cutar, fuloraid ɗin kuma na taurara abin da ya yi laushi. An fara amfani da shi a Japan wajen 1970.

Gwaje-gwaje a kan yara sun nuna cewa yana tsayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruɓewar haƙoran farko, musamman idan ana maimaita shi sau biyu a shekara. Aibinsa shi ne wurin da ya ruɓe yana komawa baƙi, kuma baƙin ba ya goguwa. Wajibi ne a sanar da iyaye wannan kafin a shafa, musamman a haƙoran gaba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gilas ayonoma da SDF da man goge baki mai fuloraid a jerin muhimman magunguna da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Abin da ya rage

Ma'anar waɗannan sakamako ga wuri irin Karmo a bayyane take. Hanyoyi biyu na ƙarshe ba sa buƙatar lantarki, kuma ma'aikacin lafiyar haƙori da ya sami horo zai iya gudanar da su a cibiyar lafiya ta matakin farko ko a harabar makaranta. Shekarun da suka rage kafin 2034 su ne damar da hukumomin lafiya ke da ita ta horar da ma'aikata da samar da kayan a farashi mai sauƙi. In ba haka ba, daina amalgam zai iya ƙara yawan haƙoran da ake cirewa.

Sai dai duk hanyoyin nan suna aiki ne kafin ruɓewa ta kai ga jijiya. Haƙorin da ya fara zogi da dare, ko ya kumbura dasashi, ya wuce matakinsu. Don haka ramin da bai fara ciwo ba shi ne ya fi cancantar a kai wa likita.

Masana na ba da shawarar goge haƙora sau biyu a rana da man da ke ɗauke da fuloraid, musamman kafin kwanciya, a tofar da kumfar ba tare da kuskure baki da ruwa ba. Asuwaki na taimakawa wajen kankare datti, amma ba ya maye gurbin man. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ya fi kyau sukarin da babba ke sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali shida.