Yaushe Za Ka Nemi Likitan Kunne, Hanci Da Maƙogwaro?

Maigida da uwargida, ku sani kunne da hanci da maƙogwaro gida ɗaya suke. Akwai wata siririyar hanya da ta taso daga bayan hanci ta ɓulla a bayan dodon kunne. Ta nan ƙwayoyin cuta ke bi idan yaro ya yi mura. Shi ya sa likita ɗaya ke duba su duka ukun. Ana samunsa a manyan asibitoci, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika kusa da Zariya, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa wadda aka kafa a Kaduna a 1999.

Tafiya birni sai da kuɗin mota, ga kuma barin gona. Mura ta kwana uku ba ta kai a yi wannan tafiya ba, mu ma'aikatan ɗakin shan magani mun ishe ka. Amma akwai alamun da in ka gan su, jinkiri hasara ne.

KUNNE MAI ZUBAR DA MUGUNYA

Yaro yakan kwana yana kuka, yana jan kunne, jikinsa da zafi. Da safe sai a ga mugunya a matashi, kukan kuwa ya tsaya. Sai uwa ta ce ciwo ya fita. A'a, dodon kunne ne ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan huda ruwan wanka da datti za su riƙa shiga, ciwo ya yi ta komowa, ji ya riƙa raguwa kaɗan kaɗan. Yaron da ba ya ji sosai yakan makara wajen magana, a makaranta kuma a ce daƙiƙi ne.

Ka kawo mana shi tun ranar farko. Ke uwa, ki murɗa tsumma mai tsabta kamar lagwani, ki tsane mugunyar sau 3 a yini. Kada a sa gashin kaza, ko tsinken ashana, ko ruwan ganye. In zubar ta kai kwana 14, ko ta tsaya ta komo bayan an yi magani, za mu ba ka takarda ka je wurin likitan.

WAƊANNAN BA A KWANA DA SU

1. Kumburi mai zafi a bayan kunne. Ciwon ya shiga ƙashi ke nan, ƙwaƙwalwa kuwa tana kusa.

2. Kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya. Magani ya fi aiki a kwanakin farko.

3. Yaro ya cusa wake, ko ƙwayar masara, ko dutse a kunne ko hanci. Kada ka tona, turawa ciki za ka yi. In ƙaramin batiri ne irin na agogo, ka tashi nan take, don yana ƙona nama cikin sa'o'i kaɗan.

4. Haɓo da ya ƙi tsayawa. Da hunturu hanci na bushewa ya yi jini. Mutum ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya matse taushin hancinsa minti 10 ba saki. In an yi haka sau biyu jinin bai tsaya ba, sai asibiti.

5. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, da farin abu a manne a ciki, ko numfashi mai ƙara. Yana iya zama mashaƙo, wanda ya kashe yara da yawa a Kano da maƙwabta a 2023. Allurar rigakafi na hana shi.

WAƊANNAN A SHIRYA A JE CIKIN MAKO

Dishewar murya da ta wuce mako 3, balle ga mai shan taba. Ƙulli a wuya da ya ƙi sacewa. Wahalar haɗiyar tuwo. Majina mai wari ta ƙofar hanci ɗaya ga yaro, don galibi wani abu ne ya maƙale. Jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko yaron da ya daina waiwayowa in an kira shi bayan ƙyanda ko sanƙarau.

BELI

Beli ba cuta ba ne, kowa da shi aka haife shi. Yanke shi na jawo zubar jini, aska marar tsabta kuma na iya sa wa jariri sandarewar jiki. In yaro na tari ko amai, ka kawo shi a nemi dalili.

Ran tafiya ka riƙe takardarmu da kwalayen magungunan da aka sha, ka kuma tuna ranar da ciwon ya fara. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.