Ranar da Teku Ta Kusa Tafiya da Mai Zane

A ƙarshen watan Nuwamba na 1885, Claude Monet, mai zanen nan na Faransa, yana gindin duwatsun Etretat yana zana gaɓar teku. Ya duba jadawalin cikowar ruwa, ashe na wata rana ya duba. Bai ankara ba igiyar ruwa ta maka shi da dutse, ta yi awon gaba da kayan aikinsa. Da rarrafe ya fito, gemu duk fenti.

Da wani ne, da ya haƙura. Shi kuwa da shekara ta zagayo sai ya nufi tsibirin Belle-Île, inda tekun ta fi fushi. Cikin wata biyu da rabi ya yi zane 39, iska na kaɗawa har sai ya ɗaure madogarin allonsa da igiya da duwatsu.

Me ya sa zanen gaɓar teku yake da wuya? Dutsen gaɓa yana tsaye, amma launinsa na bin rana: baƙi da safe, ja-ja da la'asar, ga sheƙi in ruwa ya jiƙa shi. Shi ya sa Monet yake fita da alluna da yawa, in haske ya sauya ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Ruwa kuma ba ya jiran kowa. Mai zane yakan ƙura masa ido har ya gane yadda yake karyewa a jikin dutse, sannan ya ɗora fenti da gajerun shafa masu kauri. Kumfar ma ba fara fat ba ce, akwai shuɗi da toka-toka a inuwarta. Ɗan koyo ne yake zuba farin fenti zalla.

Tsaunukan nesa su ne masu yaudara. Duk wanda ya taɓa hango Dutsen Zuma cikin hazon hunturu ya san cewa nisa na cinye launi. A 1888, a garin Antibes, Monet ya zana tsaunukan Alps a bayan teku da shuɗi mai haske da ruwan hoda. Da ya ba su duhun duwatsun gaba, da sun taso sun zauna a kan gaɓa.

Ɗaya daga cikin zane-zanensa na duwatsun Belle-Île na nan rataye a gidan tarihi na Orsay a Faris, wani kuma a gidan tarihi na Pushkin a Mosko.