Ma'aikatanki Suna Nesa? Ga Yadda Za Ki Riƙe Su Cikin Amana

Yau kasuwanci ba sai da shago ba. Mace tana zaune a ɗakinta a Kano tana sayar da abaya, turaren wuta ko kayan kicin, alhali mai amsa saƙonnin kwastomomi tana Kaduna, mai kai kaya yana Abuja, mai saro mata haja kuma yana Dubai. Tun daga kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe ofisoshi da kasuwanni, irin wannan aiki ya ƙara yaɗuwa, har ƙungiyoyin agaji da makarantu suka saba da taro ta Zoom da WhatsApp. To amma 'yar uwa, idan ke ce mai riƙe da ragamar mutanen da ba kya gani, akwai tambayar da za ta riƙa damun ki: ta yaya zan san suna aiki?

Amsar da ta fi zuwa da sauri ita ce sa ido. A kira mutum sau goma a yini, a duba ko yana kan layi, a tambaye shi me ya hana shi amsa saƙo cikin minti biyar. Wannan hanya gajiyar da kowa take yi, kuma ba ta nuna miki komai. Mutum zai iya wuni a kan layi bai tsinana abin kirki ba, wani kuma ya kashe datarsa awa uku ya gama aikin yini.

Shin aiki daga gida lalaci ne?

Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Nicholas Bloom, shi da abokan aikinsa sun gwada wannan a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke China. An raba ma'aikatan da ke amsa kiran waya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka koma aiki daga gida na tsawon wata tara, wasu suka ci gaba da zuwa ofis. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, kuma yawan masu ajiye aiki a cikinsu ya ragu da kusan rabi. Sai dai akwai wani ɓangare da ya kamata ki riƙe: na gida ba su samu ƙarin girma yadda ya dace da ƙoƙarinsu ba, kuma da aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka ce za su koma ofis, galibi saboda kaɗaici. Wato wanda ke nesa yana iya yin aiki sosai, amma yana da saurin shiga mantuwa.

Darasi daga miƙa aiki a asibiti

Mu ma'aikatan jinya mun daɗe da sanin yadda ake aiki da wanda ba ka tare da shi. Mai aikin safe ba ta ganin abin da mai aikin dare ta yi, amma majinyaci ɗaya suke kula da shi. Abin da ke haɗa su shi ne miƙa aiki. Kafin ki tafi gida sai kin bayyana wa mai karɓar ki halin da majinyaci yake ciki, abin da ya kawo shi, abin da kika lura da shi, da abin da ya rage a yi. Kuma a rubuce. A wurinmu, maganin da ba a rubuta an bayar ba, ana ɗauka ba a bayar ba ne.

Ki ɗauki wannan tsari ki kai sana'arki. Kowane ma'aikaci, kafin ya tashi, ya rubuta layi huɗu a zaure ɗaya da kuka ware: abin da na gama, abin da ya rage, abin da ya tsaya mini, da wanda nake jira. Kada ki bari umarni ya tsaya a saƙon murya kaɗai. Saƙon murya na minti shida yana da daɗin aikawa, amma ranar da aka samu saɓani a kan farashi ko adireshin kwastoma, babu mai iya lalubo shi. Duk abin da ya shafi kuɗi, rana ko adadi, a rubuta shi. Haka kuma kowane aiki ya kasance da suna ɗaya a gabansa. Idan kika ce "wani ya kira mai mota", babu wanda zai kira.

Ki san halin da suke ciki

A ofis, ke ce mai samar da wuta, kujera da intanet. Da aiki ya koma gida, sai nauyin ya koma kan ma'aikaci shiru-shiru. Shi ke sayen data, shi ke neman wurin caji idan an ɗauke wuta, shi ke fita ƙofar gida neman sabis. Idan albashinsa bai ƙunshi wannan ba, to rage masa albashi kika yi ba ki sani ba. Ki ware kuɗin data daban, ki biya a kan lokaci.

Ki kuma lura da bambancin lokaci. Ghana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa biyu, Dubai da awa uku, China kuwa da awa bakwai. Taron da kika sa ƙarfe tara na dare a Kano, sha biyun dare ne ga mai saro miki kaya a Dubai. Ga kuma lokutan sallah, da kai yara makaranta, da girki. Ku zauna ku fitar da awa uku ko huɗu da kowa zai kasance a kusa da waya, sauran lokacin kowa ya tsara wa kansa, muddin aikin zai fito ranar da aka yi alkawari.

Aiki ya san lokacin tashi

Nan ne nake so ki fi tsayawa, domin nan lafiya ta shigo. Mai aiki daga gida ba shi da ƙofar ofis da zai rufe ya tafi. Wayar da yake aiki da ita, ita ce a gefen filonsa. Idan kika saba aika saƙo ƙarfe sha ɗaya na dare, ko da kin ce "ba gaggawa", barcinsa ya riga ya tafi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton da ya nuna yin aiki awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. A Faransa tun 2017 doka ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama su tsara lokacin da ma'aikaci ke da 'yancin kashe waya.

Ke ba sai kin jira doka ba. Ki sa lokacin rufewa, ki fara mutunta shi da kanki. Idan wani abu ya faɗo miki da dare, rubuta shi a takarda ki aika da safe. Wadda ke amsa miki kwastomomi matar wani ce, uwar wasu ce, kuma gidanta yana da haƙƙi a kanta.

Shiru ma alama ce

A ɗakin jinya, majinyacin da ya yi shiru ba zato ya fi ba mu tsoro a kan mai ihu. Haka ma ma'aikaci. Wanda ya saba magana ya koma amsa "to" kawai, ko aikinsa ya fara latti, kada ki fara da faɗa a zaure gaban kowa. Kira shi shi kaɗai, ki tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa kafin ki tambayi aiki. Yabo a bainar jama'a, gyara kuwa a keɓe. Ki ware minti goma sha biyar ga kowane mutum a mako, ko da babu matsala. Idan lokacin ƙarin albashi ya zo, ki duba rubutaccen aikin kowa, kada wanda kike gani kullum ya sha gaban wanda ke nesa.

Sannan idan da hali, ku haɗu ido da ido ko sau ɗaya ne a shekara, a ci abinci tare, a san juna. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma waya ba ta soke wannan magana ba. Wanda ya taɓa zama da ke a tabarma ɗaya, zai fi saurin gaya miki gaskiya ranar da kaya suka ɓata a hanya.